Littattafan Zaman Daji: Daga Jita-jita Zuwa Gwaji

A ƙarshen watan Yulin 1846 wani ayarin iyalai, da amalanken shanunsu, ya bar babbar hanyar da masu ƙaura ke bi zuwa Kalifoniya ya kama wata sabuwa da aka ce yanke ce. Wanda ya tallata ta wani matashin lauya ne, Lansford Hastings, wanda a 1845 ya buga littafin jagora ga masu ƙaura zuwa Oregon da Kalifoniya. Ya ambaci hanyar a littafin alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba. Sai a 1846 ya bi ta, shi ma a kan doki, ba amalanke, ba tsofaffi, ba goyo. Wani gogaggen ɗan daji mai suna James Clyman, wanda suka ratso ta tare, ya haɗu da James Reed, ɗaya daga cikin manyan ayarin, ya ja masa kunne da ya tsaya kan tsohuwar hanya. Reed bai ji ba.

A duwatsun Wasatch sai da suka riƙa sare itatuwa suna ture duwatsu kafin amalanke ya wuce, aikin da ya cinye musu fiye da mako biyu. Daga nan suka faɗa hamadar gishiri. Hastings ya ce tafiyar kwana biyu ce, wajen kilomita 65. Suka tarar ta ninka haka, suka yi kwana shida a cikinta, shanu na kubcewa saboda ƙishirwa suna ɓacewa. Kafin su koma kan tsohuwar hanya kusan wata guda ya salwanta, kuma wannan watan ne ya ci su: a farkon Nuwamba dusar ƙanƙara ta toshe musu mashigin duwatsun Sierra Nevada. Cikin mutum 87, 48 ne suka fita da rai, wasunsu bayan yunwa ta kai su ga cin naman waɗanda suka riga su mutuwa. Ayarin Donner ke nan, wanda har yau Amurkawa ba su manta da shi ba.

Duk littafin da ya ce zai koya wa mutum yada zango a daji, ko kuɓutar da ransa in ya ɓace, tambaya ɗaya ke bin sa: wanda ya rubuta, gani ya yi ko ji? An ɗauki kusan shekara ɗari kafin a fara amsa ta da ma'auni.

Sanin daji ya girmi takarda nesa ba kusa ba. Mafarauci da makiyayi da madugun ayari ba a littafi suka koye shi ba. Yaro kan tashi yana bin mahaifinsa har ya san sawu, ya san ciyawar da ke nuna ruwa na kusa, ya san tauraron da ake bi a tafiyar dare. Buƙatar rubutu ta taso ne da baƙi suka fara kutsawa ƙasashen da ba su da uba ko kaka a cikinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya ɗanɗana kuɗarsa a watan Yulin 1850, watanni kafin ya iso Kano. Ya fita shi kaɗai don hawa dutsen Idinen kusa da Gat, ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, har ƙishi ya sa ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Wani Ba'abzine ne ya nemo shi, ya same shi a galabaice ya ba shi ruwa. Barth masani ne mai harsuna da yawa, amma a ranar da ɗan gari aka ci gari.

A daidai wannan lokaci wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin, yana yawo da takarkarai a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya. Da ya koma gida sai ya zauna tara dabaru, ya fitar da The Art of Travel a 1855, littafin da ya zama abin koyi ga waɗanda suka biyo baya. Ya bayyana yadda ake gane inda ruwa yake ta lura da tashin tsuntsaye da sawun dabbobi, yadda ake kunna wuta ba ashana, yadda ake haye kogi riƙe da wutsiyar doki, har da fasa ɗanyen ƙwai cikin sabon takalmi don fatar ta yi laushi. Galton mutum ne mai son awo, wasu abubuwan ya gwada su da hannunsa. Amma da yawa ya tsinto su ne daga littattafai da wasiƙun matafiya, su kuma matafiyan a wurin mutanen ƙasa suka gani, mutanen da littafin ke magana a kansu cikin raini. Tsintuwa kuwa ba ta zaɓe. A littafin da ya koyar da neman ruwa, a nan ya ba da shawarar in maciji ya sari mutum a ɗaure, a tsotse, in babu abin ƙonawa a zuba albarushi cikin raunin a kyasta masa wuta.

Amurka ma ta sami nata. A 1859 Kyaftin Randolph Marcy, wanda ya yi shekaru yana aikin soja a filayen yamma, ya buga The Prairie Traveler da amincewar ma'aikatar yaƙi. Ƙarfin littafin na cikin jerin zangunansa: nisan da ke tsakanin wannan ruwa da wancan, inda akwai ciyawa da itacen wuta, inda babu.

Har zuwa nan dole ce ke kai mutum daji. Wanda ya mayar da kwanan tanti abin sha'awa ga 'yan birni wani limamin coci ne a Boston, William Murray. Littafinsa na 1869 kan dazuzzukan Adirondack a jihar New York ya kwatanta wurin a matsayin mai sauƙin shiga, mai arha, mai iskar da ke warkar da masu tarin fuka. Dubban mutane suka yi ca a wannan bazara. Suka tarar da ruwan sama da sanyi da ƙudaje masu cizo, masauki ya yi kaɗan, 'yan rakiya ba su isa ba. Jaridu suka raɗa musu suna Wawayen Murray. Dajin na nan da kyansa kamar yadda ya faɗa; wahalarsa ce ya rage wa nauyi. Duk da haka baƙi ba su daina zuwa ba, masu buga littattafai kuma suka gane akwai kasuwa.

Marubutan da suka biyo baya sun fi shi sanin aikin. George Washington Sears, wani siririn mai ɗinkin takalma da ke rubutu da sunan Nessmuk, ya koyar a 1884 cewa matafiyi ya rage kaya. Kwale-kwalensa mafi shahara bai kai kilo biyar ba. Horace Kephart ya bar shugabancin wani ɗakin karatu a St. Louis ya koma zama a duwatsun Smoky a 1904, ya fitar da littafinsa na zaman tanti a 1906, ya ci gaba da gyara shi da faɗaɗa shi har ya zama juzu'i biyu. A Ingila wani tela, Thomas Hiram Holding, ya buga jagoran masu kwanan tanti a 1908. A shekarar ce kuma Robert Baden-Powell, hafsan sojan da ya yi yaƙi a ƙasar Asante da kudancin Afirka, ya fitar da Scouting for Boys. Ta hannun ƙungiyar sikawut, wadda ta iso Najeriya a 1915, ɗaurin igiya da bin sawu da kafa tanti suka shiga makarantu a ƙasashe da dama. Sai dai hujjar waɗannan littattafai duka ita ce gogewar mutum ɗaya, ko abin da ya ji daga wani. Babu wanda ya ƙirga mutum nawa shawarar ta ceta, nawa ta kashe.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo ƙirga. Matuƙan jiragen sama na faɗowa a teku da hamada da dajin kurmi, kuma kowane ɗaya an kashe dukiya wajen horar da shi. A 1943 rundunar ruwan Amurka ta fitar da How to Survive on Land and Sea, wanda wasu tagwaye masana dabbobi, Frank da John Craighead, suka yi aikin rubuta shi. Aka kuma shiga tattara bayanan waɗanda suka tsira ana nazarinsu ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da ya fi sauya tunani shi ne na Edward Adolph na Jami'ar Rochester. A lokacin hafsoshi da yawa sun yi imani ana iya sabar wa soja da ƙishirwa, a riƙa rage masa ruwa har jikinsa ya koyi haƙuri. Adolph da abokan aikinsa suka bi sojoji cikin hamadar Kalifoniya suna auna nauyinsu kafin tafiya da bayanta, suna duba zafin jiki da bugun zuciya. Suka gano mai tafiya a tsakar rana na iya zubar da gumi wajen lita ɗaya a awa guda, kuma ba horon da ke rage wa jiki buƙatar ruwa. Suka gano har ma in ruwan na nan, mutum ba ya shan daidai abin da ya zubar. Littafinsu na 1947 kan jikin ɗan Adam a hamada ya juya shawarar gaba ɗaya: gumi ake tattali, ta zaman inuwa da rana da tafiyar dare, ruwa kuwa a sha shi.

Hamadar Libiya ta ba da nata darasin. A watan Afrilun 1943 wani jirgin yaƙin Amurka mai laƙabin Lady Be Good, yana dawowa daga kai hari Italiya cikin dare, ya wuce sansaninsa kusa da Bengazi ya nausa ɗaruruwan kilomita cikin rairayi. Mutum tara suka diro da laima. Takwas suka haɗu, suka nufi arewa a zaton teku na kusa, suka yi tafiyar kusan kilomita 130 da ruwan da bai wuce gora ɗaya ba. Babu wanda ya tsira. A 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin, kuma da aka isa wurinsa aka iske ruwa da abinci da rediyo mai aiki, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba kudu da inda suka sauka. Irin wannan ne ya sa littattafan soja ke nanata cewa a hamada a nemi jirgi ko motar da ta lalace a tsaya wurinta, don ita masu nema ke fara hangowa.

Ba kowane gwaji ba ne hujja. A 1952 wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya ƙetare Tekun Atilantika daga tsibiran Kanari zuwa Barbados cikin kwana 65 a kwale-kwalen roba, ya ce mutum na iya rayuwa da ruwan jikin kifi da ɗan ruwan teku kaɗan-kaɗan. Duniya ta yi masa tafi. Amma da aka duba bayanan waɗanda jiragensu suka nutse lokacin yaƙi, sai aka ga mutuwa ta fi yawa ƙwarai a kwale-kwalen da aka sha ruwan gishiri. Labarin jarumi ɗaya bai iya ture ƙididdigar mutane masu yawa ba, kuma littattafan ceto na yau na hana shan ruwan teku.

Bayan yaƙi ilimin soja ya kwararo kasuwa. Littafin tsira na sojan ƙasan Amurka mai lamba FM 21-76 ya zama rijiyar da kowa ke ɗiba, har zuwa 1986 da John Wiseman, tsohon sojan rundunar SAS ta Birtaniya, ya fitar da nasa wanda ya bazu a duniya. Matsalar ita ce marubuci na kwafar marubuci, kuskure na tafiya tare da daidai. Wani littafin soja na 1970 ya ce kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na ɗumin jiki ta kai yake fita. A 2008 wasu likitoci biyu suka nuna a mujallar BMJ cewa kai bai fi sauran jiki zubar da ɗumi ba, rabonsa wajen kashi 10 ne. Goga dusar ƙanƙara a yatsun da sanyi ya daskarar, shawarar da ake dangantawa da Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon, ta yi fiye da ƙarni guda kafin likitoci irin su William Mills na Alaska su nuna cewa tsoma su cikin ruwan ɗumi ne ke ceton yatsun. Sai ramin tatsar ruwa da wasu masana biyu a Arizona suka bayyana a 1965: a haƙa rami, a sa kofi a tsakiya, a rufe da leda, a ɗora ɗan dutse, laimar ƙasa ta taru a ledar kamar gumin murfin tukunya ta ɗiga cikin kofin. Zanensa ya shiga littafi bayan littafi. A busasshiyar ƙasa kuwa, gumin da mai haƙa zai zubar kan fi abin da kofin zai tara.

Babu inda tsohon kuskure ya daɗe kamar saran maciji. Shekara da shekaru ana sayar wa masu zuwa daji ɗan ƙunshi mai reza da igiya da robar tsotsa, littattafai na zana yadda za a tsaga wurin. A 2004 aka gwada wata sananniyar na'urar zuƙe dafi a jikin masu sa kai, da ruwan da aka yi shi ya kwaikwayi dafi. Ta zuƙo jini, amma dafin kusan ba ta fito da komai ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tamke da igiya. A cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti mai allurar kashe dafi.

A nan ake ganin aibi na biyu na littafin daji: shawarar da ta dace da wata ƙasa na iya cutarwa a wata. A 1979 Struan Sutherland ya nuna cewa naɗe gaɓa da bandeji mai matsi na jinkirta yaɗuwar dafin macizan Ostireliya. Manomin Kaltungo ko Langtang kuwa da kububuwa yake fama, wadda dafinta ke kumbura nama ya hana jini daskarewa. Duk tsagar da aka yi masa ƙofa ce ta zubar jinin da ba ya tsayawa. Abin da ke amfani a wurinsa ya fito ne daga gadon asibiti, daga aikin likitoci irin su David Warrell a arewacin Najeriya a shekarun 1970: a ɗebi jini kaɗan a zuba cikin busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya kwarara bai daskare ba, dafi ya shiga, lokacin allura ya yi.

Wani lokaci littafin bai yi ƙarya ba, shiru ya yi. A watan Afrilun 1992 Christopher McCandless, ɗan shekara 24, ya shiga dajin Alaska da ƙaramar bindiga da shinkafa kimanin kilo huɗu da rabi da wani littafin tsirrai na Priscilla Russell Kari, wanda ya tattara ilimin mutanen Dena'ina, 'yan asalin Alaska. Ya tare a wata tsohuwar bas da aka yasar. A watan Yuli ya yi niyyar fita, ya tarar kogin Teklanika ya cika ya batse, ya koma. Bai san akwai igiyar ƙarfe mai kwandon haye kogin ƙasa da kilomita ɗaya daga wurin ba, domin ba ya ɗauke da taswira mai cikakken bayani. Littafin ya gaya masa ana cin saiwar wani tsiro da ake kira dankalin daji, bai gargaɗe shi game da 'ya'yansa ba. Ya ci 'ya'yan da yawa, kuma a ƙarshen Yuli ya rubuta cewa su ne suka raunana shi. Ya rasu a watan Agusta, mafarauta suka tsinci gawarsa a Satumba.

Marubuci Jon Krakauer, wanda ya ba da labarin a Into the Wild, ya shafe shekara fiye da ashirin yana bin wannan zance, har a 2015 shi da wasu masana suka wallafa cewa 'ya'yan na ɗauke da wani sinadari mai cutarwa. Wasu masana a Alaska na ganin yunwa ce kawai ta kashe shi. Ko wanne ne gaskiya, abin da littafin ya ɗauko daga bakin Dena'ina ilimin mutanen da ke da kifi da nama da dangi ne, masu cin saiwar a lokacinta. Shi kuwa baƙo ne, shi kaɗai, da yunwa.

Gyara mafi amfani a 'yan shekarun nan daga masu neman ɓatattu ya zo. A 1981 wani yaro ɗan shekara tara ya ɓace a dutsen Palomar a Kalifoniya, aka same shi bayan kwana huɗu sanyi ya kashe shi. Waɗanda suka neme shi suka kafa shirin koya wa yara abu kaɗan: in ka ɓace ka tsaya wuri ɗaya, ka rufe jikinka, ka busa usur. A 2008 Robert Koester ya fitar da littafi kan halayen ɓatattu wanda ya gina a kan rahotannin nema kimanin 50,000. A 2009 masu bincike daga Jamus suka bi sawun mutane da na'ura a wani daji na ƙasarsu da kuma hamadar Tunisiya, suka tabbatar cewa da zarar rana ko wata ya ɓuya, mai tafiya kan riƙa kewaya wuri ɗaya yana zaton miƙewa yake. Waɗannan bayanai suka karkatar da littattafan kirki daga ɗana tarko da cin ƙwari zuwa abubuwan da ke kashe mutum tun kafin yunwa ta zo: sanyi, zafi, ƙishi, da rashin gaya wa kowa inda aka nufa. Ƙungiyar likitocin daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1983, yanzu kan liƙa wa kowace shawararta matakin ƙarfin hujjar da ke bayanta, ta kuma sabunta ta in sabon bincike ya fito.

Duk da haka kuskure bai ƙare ba. A 2004 mujallar Trail ta Birtaniya ta buga yadda ake saukowa daga kan Ben Nevis, dutse mafi tsawo a ƙasar, in hazo ya rufe. Aka tsallake matakin farko na bayanin, wanda ya bi shi yadda yake da sai ya nufi bakin ƙwazazzabon arewa. Masana hawan dutse suka ankarar, mujallar ta ba da haƙuri. A 2023 kuma ƙungiyar masana laimar kwaɗi ta New York ta yi gargaɗi kan wasu littattafan tsintar laimar kwaɗi a Amazon da ake zargin ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta su. Jaridar Guardian ta samu wasunsu na sa ɗanɗano da ƙamshi cikin hanyoyin tantancewa, alhali akwai nau'in da ɗan kaɗan daga cikinsa ke lalata hanta. A watan Satumban shekarar kamfanin ya fara tilasta wa masu buga littafi da kansu su sanar da shi in na'ura ce ta rubuta, ya kuma taƙaita musu sabbin littattafai uku a rana. Kamfanin ake yi wa sanarwar, ba mai saye ba. Mai saye dai shi zai duba shekarar bugu, ya duba ƙasar da aka rubuta littafin dominta, ya kuma bincika ko marubucin mutum ne da za a iya samu a tambaye shi inda ya gwada abin da ya faɗa.